Masu Alkawarin Kai Ɗan Kasuwa Sahun Gaba A Google: Sana'a Ko Damfara?

Daga Wakilinmu

Tun daga shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, sannan intanet ta biyo sawunta har cikin ƙauyuka, hanyoyin ciniki suka soma sauyawa a kudancin Jihar Kano kamar yadda suka sauya a sauran wurare. Mai injin casar shinkafa a Tudun Wada, da mai awon masara a Ƙafin Maiyaki, da mai makarantar kuɗi a Kiru ko Bebeji, duk suna jin labarin cewa akwai masu saye a Legas da Abuja da Fatakwal waɗanda ba sa tambayar kowa hanya, sai dai su rubuta abin da suke nema a shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google, su kira lambar da ta fara fitowa.

Wannan labari gaskiya ne. To, amma a bayansa wata sana'a ta ɓullo wadda ya kamata jama'a su san cikinta tun kafin ta ci musu dukiya, wato sana'ar ɗaga shafi, wadda aka fi sani da haruffan SEO. Masu yin ta kan ce za su gyara shafin mutum na intanet ta yadda zai riƙa fitowa a sahun gaba duk lokacin da aka nemi irin hajarsa. A cikinsu akwai ƙwararru masu cin halaliyarsu, akwai kuma 'yan damfara da yawa waɗanda ke aiko da saƙo ta WhatsApp ko Facebook ko imel, suna alkawarin lamba ɗaya cikin mako biyu ko wata guda in an biya su tun da fari.

Abin da ya wajaba kowa ya riƙe shi ne, matsayi a jerin Google ba rumfar kasuwa ba ce da wani ya mallaka balle ya sayar. Duk wanda ya karɓi kuɗi bisa tabbacin zai ba da shi, ya sayar da abin da ba nasa ba.

Yadda ake jera shafuka

Larry Page da Sergey Brin ne suka kafa kamfanin Google a Amurka cikin 1998, kuma a yau kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet a duniya ta hannunsa yake bi. Kwamfutocin kamfanin kan zagaya shafuka dare da rana suna karanta abin da ke ciki suna adanawa. In mutum ya rubuta tambaya, sai su auna shafukan da ma'aunai masu yawa: dacewar abin da aka rubuta da tambayar, da ingancinsa, da saurin buɗewar shafin a waya, da kusancin wurin da mai tambaya, da kuma irin shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi.

Wannan nuni shi ake kira mahaɗi, wato kalmar da ake latsawa a wani shafi ta kai mutum wani. Tun asali Google ya ɗauki mahaɗi a matsayin shaida. Kamar dai baƙo ne ya shiga gari yana tambayar wa ke da masara mai kyau: in dattawa goma da aka yarda da su suka nuna masa gida ɗaya, to wannan gida ya sami daraja. Kamfanin yana kuma sauya ma'aunan nan sau dubbai a shekara, ba ya bayyana dukkan sirrinsu ga kowa.

Akwai wuri ɗaya da kuɗi ke saya, shi ne wurin talla. Irin wannan kan fito a sama ko a ƙasan jerin, da alamar da ke nuna cewa biya aka yi, kuma ranar da kuɗin suka ƙare ranar yake ɓacewa. Sauran jerin kuwa Google ya sha nanata cewa ba ya karɓar ko kwabo a kansa. A cikin jagorar da ya wallafa domin masu neman ɗaukar ma'aikacin ɗaga shafi, ya faɗi ƙarara cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin lamba ɗaya, ya kuma gargaɗi jama'a game da masu cewa suna da wata alaƙa ta musamman da shi. Har ila yau ya nuna cewa aikin ƙwarai kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa. Wani abin dariya ma, kamfanin ya ce shi kansa yana samun wasiƙun 'yan damfara masu cewa sun duba shafinsa sun ga ba ya fitowa da kyau, za su taimaka masa.

Darasi daga manyan kamfanoni

Mai karatu zai iya zaton cewa ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ba haka ba ne. A watan Fabrairu na 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga jerinsa baki ɗaya, bayan an gano cewa shafin yana nuna wa kwamfutocin Google wani abu, yana nuna wa mutane wani abu dabam. Sai da aka gyara sannan aka mayar da shi.

A watan Fabrairu na 2011 kuma jaridar New York Times ta tona yadda babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ya riƙa fitowa lamba ɗaya wajen neman riguna da kayan gado da dardumomi, ta hanyar dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da wata dangantaka da kayan. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami kamfanin SearchDex da ke yi masa aikin. Duk da haka hukunci ya hau kansa: a neman kujerun falo ya faɗo daga na 1 zuwa na 68, kuma ya yi kimanin wata uku a haka. A watan Afrilu na 2012 Google ya fito da wani sabon ma'auni mai suna Penguin domin kama irin waɗannan mahaɗai na saye, shafuka masu ɗimbin yawa suka rikito.

Abin lura a nan shi ne, a wajen Google mai shafi ne ke ɗaukar laifin wanda ya ɗauka aiki. Ma'aikacin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, mai shafi kuwa garin neman ƙiba ya samo rama. In har kamfanin da ke da lauyoyi da ƙwararru ya sha wannan kaye, ina ga mai injin casa guda biyu?

Akwai kuma damfara tsagwaronta wadda ba a yin ko aikin ha'incin. A watan Mayu na 2018 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta kai ƙarar wani kamfani na Jihar Florida mai suna Pointbreak Media, bisa zargin yana buga wa ƙananan 'yan kasuwa waya da sunan Google, yana tsoratar da su cewa za a goge su daga jerin in ba su biya Dala 300 zuwa 700 ba, tare da alkawarin shafin farko. Kotu ta dakatar da harkar. A watan Nuwamba na 2022 Google da kansa ya kai ƙarar masu wata harka da ake kira G Verifier, waɗanda ya ce suna karɓar Dala 99 domin tantance bayanin kasuwanci a taswirarsa, alhali kuwa wannan rajista, wadda ake kira Google Business Profile, kyauta ce ga kowa. Mai shago a Kwanar Ɗangora zai iya yin ta da wayarsa ba tare da ya biya kowa ba.

Dillalin kasuwa da dillalin iska

Mutanen wannan yanki ba baƙin dillanci ba ne. A kowace kasuwar hatsi ko kara ta dabbobi, daga Ƙafin Maiyaki har Dawanau, an san dillali da gidansa da ubangidansa. Yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa, in kuma ya ci amana akwai sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiya da za a kai ƙara gabansu. Waɗannan sharuɗɗa uku ne suka sa aka yarda da shi shekara da shekaru.

In aka ɗora mai alkawarin lamba ɗaya a kan wannan ma'auni, sai a ga ya faɗi duka ukun. Ba a san gidansa ba sai lambar waya da hoto. Yana son la'adarsa kafin ciniki. In ya ɓace kuwa ba wurin kai ƙara, don sau da yawa asusun da aka tura wa kuɗin ma ba da sunansa aka buɗe ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da hana cinikin tsuntsu a sama da kifi a ruwa, Bahaushe kuma ya kira irinsa cinikin biri a sama.

Alamomin da ake gane su

Alama ta farko ita ce tabbaci da ƙayyade rana. Ma'aikacin kirki kan faɗi abin da zai yi da abin da yake fata, amma ba ya rantsuwa a kan abin da ke hannun wani.

Ta biyu ita ce iƙirarin wakiltar Google ko sanin wani a ciki. Gaskiya ne akwai kamfanonin da ke da shaidar haɗin gwiwa da Google, amma wannan shaida ta shafi sayen talla ne kawai, ba ta ɗaga shafin kowa a jerin kyauta.

Ta uku ita ce tsoratarwa da gaggawa: za a rufe shafinka gobe, ko abokin hamayyarka zai karɓe wurin in ba ka biya yau ba. Duk cinikin da ba ya jure kwana ɗaya na shawara, akwai lauje cikin naɗi.

Ta huɗu ita ce sayar da mahaɗai da yawa a farashi mai rahusa, dubu ɗaya ko dubu biyar a lokaci guda. Irin waɗannan daga shafukan bogi suke fitowa, wani lokaci ma daga shafukan caca da na batsa, wani lokaci kuma daga shafukan makarantu da ma'aikatu da aka yi wa kutse. Ko dai Google ya yi watsi da su kuɗi su tafi a banza, ko kuma ya hukunta shafin.

Ta biyar ta fi sauran wayo, don a nan ɗan damfara yana cika alkawarinsa a zahiri. A ɗauka misali wani ya biya domin a kai kamfanin shinkafarsa lamba ɗaya. Bayan mako biyu sai a ce ya rubuta cikakken sunan kamfanin haɗe da sunan garinsu, ya kuwa ga kansa a sama. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ba mai wannan suna sai shi, saboda haka ko ba a yi kome ba nan zai fito, kuma mai saye a Legas da bai taɓa jin sunansa ba ba zai rubuta wannan ba. Wasu kuma kan sayi talla ta kwana uku da kaɗan daga kuɗin, su ɗauki hotonta su aiko a matsayin shaida.

Ta shida ita ce sayar da yabon ƙarya, wato a rubuta shaidu da taurari biyar da sunan mutanen da ba su taɓa sayen kome ba. A watan Yuni na 2023 Google ya kai ƙarar wani mutum a Amurka da ya zarga da ƙirƙirar bayanan kasuwanci na bogi sama da 350 da yabon ƙarya sama da 14,000, a 2024 kuma hukumar cinikin ƙasar ta haramta saye da sayar da irin wannan yabo. Ɗan kasuwar da ya saya ya zama abokin tarayya a yaudarar jama'a.

Ta bakwai, wadda ta fi kowace haɗari, ita ce karɓe makullai. Mai aikin zai yi rajistar adireshin shafin da sunansa, ya riƙe kalmomin sirri na shafi da na imel da na taswira. Ranar da aka saɓa, sai mai kasuwa ya tarar ba shi da iko a kan sunan da ya yi shekaru yana ginawa. Ana iya neman ya fanshi abinsa, ana kuma iya sauya lambar wayar da ke kan taswira a riƙa karɓar kuɗin masu saye da sunansa. Asarar Naira dubu hamsin ana mayar da ita a kaka ɗaya, amma sunan da ya ɓaci a wurin abokan ciniki yana da wuyar gyara.

Daɗin daɗawa, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, kuma Google ya soma sa amsar da kwamfuta ta tsara a saman jerinsa a 2024, masu wannan harka sun sami sabuwar riga. Yanzu alkawarin shi ne za a sa waɗannan manhajoji su riƙa ambaton sunan mutum. Hukuncin ɗaya ne: ba su da iko da wancan, ba su da iko da wannan.

Tambayar da ta riga biya

Kafin ma a kai ga tantance ma'aikaci, akwai tambayar da ya kamata ɗan kasuwa ya yi wa kansa: shin masu sayen kayansa ta Google suke zuwa? Shinkafar da ake nomawa da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da masarar Doguwa da Tudun Wada, mafi yawansu ta hannun dillalai da direbobi da tsofaffin abokan hulɗa suke fita, da waya da amana. Ga irin wannan mai haja, rajistar kyauta a taswira da lambar waya mai shiga da hotuna na gaskiya sun wadatar. Wanda ke da bukatar ƙwararre shi ne mai neman baƙin da ba su san shi ba, kamar mai buhunta shinkafa da tambarinsa yana aikawa kudu, ko mai masauki, ko mai makaranta.

Shi ma wannan, in zai ɗauki ma'aikaci, sai ya bi hanyar da kakanninsa suka bi da dillali. Ya duba sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, inda ake binciken suna kyauta. Ya nemi sunayen mutum biyu ko uku da aka yi wa aiki ya kira su da kansa. Ya sa a rubuta yarjejeniya da ke bayyana aikin da za a yi kowane wata, a riƙa biya kashi-kashi. Adireshin shafi da imel su kasance da sunansa. Ya kuma buɗe Google Search Console, wanda kyauta ne, domin ya ga da idonsa mutum nawa suka zo da kalmomin da suka kawo su. Ma'aunin ƙarshe dai shi ne kiran waya da ciniki, ba hoton da aka aiko ba.

Ina ma'aikata da ɗalibai suka shigo?

Ma'aikacin gwamnati yana da hannu a wannan batu ta fuska biyu. Da yawa suna zuba ɗan abin da suka tara a wata sana'a ta gefe domin ranar ritaya, su ne kuma 'yan damfara suka fi so, don suna da albashi amma ba su da lokacin bin diddigi. Sannan kuma su ne ke tsara takardun kwangilar shafukan ma'aikatu da ƙananan hukumomi da makarantu. Wajibi ne a rubuta cikin kowace irin wannan kwangila cewa adireshi da kalmomin sirri mallakar ofis ne. Adireshin hukuma mai ƙarewa da .gov.ng ta hannun hukumar NITDA ake samunsa, bai kamata a bar shafin hukuma a kan adireshin da ɗan kwangila ya yi wa rajista da sunansa ba.

Ɗalibai kuwa ana farautarsu da kwasa-kwasan da ke alkawarin Daloli cikin kwana talatin. Sana'ar tana nan, ana kuma ci da ita, amma koyonta na bukatar iya rubutu da lissafi da haƙuri. Jagorar Google kyauta ce, haka nan Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin horaswa na 3MTT a 2023. Akwai ma wata dama da ba a cika lura da ita ba: rubutun Hausa mai inganci game da noma da farashi da lafiya bai yi yawa a intanet ba, saboda haka ɗalibin da ya rubuta abu mai amfani da harshensa ba shi da abokan takara da yawa. Sai dai ɗalibin da ya koyi rabin aiki ya soma yi wa kawunsa alkawarin lamba ɗaya, ya sani ya shiga layin waɗanda ake magana a kansu.

Doka da hukuma

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya karɓi dukiyar wani da ƙarya, kuma hukumar EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Kano, ita ke gurfanar da irin waɗannan. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, akwai hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, da aka kafa bisa dokar 2018, Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Wanda aka cuta ya adana saƙonni da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara.

Matsalar ita ce kunya. Kamar yadda aka gani lokacin da MMM ta rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016, da lokacin da CBEX ta durƙushe a watan Afrilu na 2025, mutane da yawa kan gwammace su haɗiye asara da a ce an yi musu wayo. Wannan shiru shi ne jarin ɗan damfara, don yana ba shi damar shiga gida na gaba da labari iri ɗaya.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu casar shinkafa, a riƙa wayar da kai a ranakun kasuwa da gidajen rediyo. Malaman kwamfuta a makarantun sakandare su koya wa yara bambancin talla da jerin kyauta, da yadda ake yin rajistar taswira, domin kowane yaro ya iya yi wa mahaifinsa. Ƙungiyoyin kuma su buɗe littafin da za a riƙa rubuta sunan wanda ya yi aiki nagari da wanda ya ci amana, kamar yadda ake yi wa dillalai. In aka yi haka, ƙwararren gaskiya zai sami kasuwa, mai sayar da iska kuwa zai nemi wani gari.